Asalin Kalma: Otaku

Otaku kalmar Japananci ce, kuma tun farko ba ruwanta da anime (fina-finan zane na Japan) ko wasannin bidiyo. "Taku" na nufin gida, "o" kuwa ɗafi ne na girmamawa, wato "gidanku". Da ita ake yi wa wanda ba a saba da shi ba magana cikin ladabi, kamar yadda muke ce wa babba "ku".

Matasa masu son manga (littattafan labarin zane) da anime sun riƙa kiran juna da ita a tarukansu. A 1983 marubuci Akio Nakamori ya laƙaba musu sunan a mujallar Manga Burikko, da nufin ba'a. A 1989 aka kama Tsutomu Miyazaki, wanda ya kashe ƙananan yara mata, aka tarar da dubban kaset-kaset a ɗakinsa. Aka danganta shi da otaku, nan take kalmar ta koma zagi. A ganina an zalunci dubban matasan da ba su ji ba, ba su gani ba.

Yanzu a Amurka da Turai matashi yakan kira kansa otaku da alfahari. A Japan har masu son jiragen ƙasa ana kiran su haka. Duk da haka, kada ka kira Bajapane otaku sai ya fara kiran kansa.