Yatsun Blum

A makona na biyu a ɗakin gwajin tsoka, safar hannuna ta huje ban sani ba. Na wuni ina tsamo guntayen nama daga kwalaben formol, da yamma na ji kan yatsuna biyu sun ƙandare kamar fatar da ta fito daga majema. Dattijon da ke koya mini aikin ya duba, ya yi dariya, ya ce: "Yaro, yau ka zama Blum." Bai ƙara komai ba, ni na je na nemo ko wane ne.

Ferdinand Blum likita ne a Frankfurt ta ƙasar Jamus. A 1893 yana gwada wannan ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, sai ya lura fatar yatsunsa ta taurare. Da wani ne, da wanke hannu zai yi ya manta. Shi kuwa ya ce, abin da ya yi wa yatsa haka zai yi wa hanta da ƙoda. Kafin nan an fi dogaro da alkol, mai sa tsoka ta motse. Har yau kashi ɗaya na formol muke haɗawa da kashi tara na ruwa, kusan yadda ya yi.

Matsalar da ta dami magabata ba ta da wuyar fahimta. Madubin likita ba ya nuna komai sai haske ya ratsa abin da aka ɗora, nama kuwa ga kauri ga laushi. Gwada yanka ɗanyar hanta da aska ka gani. Bafaranshen nan Bichat, wanda ya rasu a 1802, ya rarrabe tsokar jiki kashi 21 ba tare da madubi ba, kuma ban ga laifinsa ba, don madubin zamaninsa ya fi ruɗarwa.

A 1869 Edwin Klebs ya kawo dabarar binne tsoka cikin kakin farafin, irin na kyandir, don ta samu ƙwarin da wuƙa za ta ci. Sai dai kaki ba ya shiri da ruwa, jiki kuwa yawancinsa ruwa ne. Daga nan aka samu jerin kwanonin da kowane ɗalibi ke ƙorafi a kansu: a bi da tsokar cikin alkol, daga mai kashi 70 cikin ɗari har zuwa tsantsa, ya zuƙe ruwan, zilen ya kori alkol, sannan narkakken kaki mai zafin kusan digiri 60 ya maye gurbin zilen. Na taɓa gajarta mataki ɗaya don sauri. Da na zo yanka, gefe ya yi kyau, tsakiya ta ruguje kamar garin rogo.

Injin yankan da muke juyawa da hannu ya samo asali ne daga ƙirar Charles Minot, Ba'amurke, ta 1886. Kowane juyi yana fitar da yanki mai kaurin maikiron 4 ko 5, wato siririn da ya fi gashin kai sau goma da 'yan kai. Yankunan na manne da juna su fito kamar zare, a shimfiɗa su kan ruwan ɗumi su miƙe, a kwashe da gilashi.

Abin da littattafan Turai ba su cika nanatawa ba shi ne zafi. A watan Afrilu a nan, kakin laushi yake yi, yankin ya tattare a bakin wuƙa. Dole a kwantar da dunƙulen kan ƙanƙara, in wuta ta ɗauke kuwa sai a aika yaro wajen masu sayar da ruwan sanyi. Ranar da na fi jin wannan, tsokar da ke gabana ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, an ciro ta daga nonon wata mata da ta zo daga ƙauye mai nisa. In na aske fiye da kima, shi ke nan, sai an sake kiranta an sake huda ta, in ma tana da kuɗin motar dawowa.

Launi shi ne na ƙarshe. Hematoksilin daga itacen da ke tsiro a yankin Campeche na Meziko ake samunsa, marina Turai sun daɗe suna rina tufafi da shi. Bai kama tsoka sosai ba sai da Böhmer ya haɗa shi da alam a 1865, alam ɗin nan dai da muke jefawa a randa ruwa ya kwanta. Shi ke rina cibiyar ƙwayar halitta shuɗi, iyosin ya ba sauran ja-ja.

Gilashi uku na samu daga tsokar matar nan kafin ƙanƙarar ta narke. Dattijon ya ɗaga na biyun ya haska da taga, ya juya shi, ya ce in kai wa likita.