Tsohon Keken Rale a Matsayin Shaidar Tarihi a Ƙasar Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi sun saba neman hujja a rubuce-rubuce da bakin dattawa, amma ba kasafai suke waiwayar kayan aikin yau da kullum ba. Wannan maƙala za ta dubi tsohon keken Ingila, musamman samfurin Raleigh da Hausawa ke kira Rale, domin nuna cewa shi ma shaida ne da ake iya karantawa, kuma gyaran ganganci kan shafe shaidar.

2.0 Shigowar Keke

Kafanchan ta bunƙasa ne a dalilin jirgin ƙasa. A wajen 1927 ta zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos, sannan a 1933 aka mayar da hedikwatar masarautar Jama'a can. Ta wannan hanya hajar kamfanonin Turawa ta riƙa isowa, ciki har da kekuna. Ma'aikatan reluwe da na En'e, da malaman makaranta, da masu wa'azin mishan na Kwoi da Kagoro, da fataken citta, duk sun dogara da dokin ƙarfe wajen ratsa ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Mallakarsa a wancan zamani alama ce ta rufin asiri.

3.0 Yadda Ake Gane Shi

An kafa kamfanin Raleigh a Nottingham ta Ingila a ƙarshen shekarun 1880, kuma tambarinsa kan zalɓe ne da ake mannawa a wuyan keke. Sai dai tambari kaɗai bai isa hujja ba, domin ana cire shi a liƙa wa wani. Akwai kuma Hercules da Phillips na Birmingham, waɗanda suka koma gida ɗaya da Raleigh a 1960, ga kuma kekunan da kamfanin ya harhaɗa a Kano daga baya. Saboda haka mai bincike kan duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ƙarƙashin sirdi ko ƙasan mazaunin feda. In keken mai giya ne, cibiyar ƙafar baya ta Sturmey-Archer kan ɗauki shekara da watan da aka ƙera ta. Sauran alamomin sun haɗa da birkin sanda, da ƙafa mai inci 28, da siffar zalɓe da aka huda a farantin sarƙa.

4.0 Gyara da Hatsarinsa

Raleigh ya yanka zaren wuya da na mazaunin feda 26 a kowane inci, alhali yawancin kamfanoni 24 suke yi. Mai gyaran da ya tilasta kayan Indiya ko na Sin a wannan gurbi zai cinye zaren, ya nakasa keken. Haka nan sabon fenti kan binne lamba da rubutun asali. Abin da ya fi dacewa shi ne a wanke tsatsa da kananzir, a sake boris da gires, a shafa wa sirdin fata mai kaɗan, a kuma adana duk abin da aka cire.

Ga masanin harshe, rumfar mai gyara taska ce. Kalmomi irin su basukur da birki da feda da kaliya da madigadi da faci suna nuna yadda Hausa, wadda ita ce harshen kasuwa tsakanin Bajju da Atyap da Ham da sauransu, ta narkar da Ingilishi.

5.0 Kammalawa

An daina ƙera Rale a Nottingham a 2002, babur kuma ya karɓe hanya. Kekunan da suka rage suna jingine a zaure ko bayan rumbu, 'yan gwangwan na saye da awon kilo. Duk wanda ya shiga tukunyar narka ƙarfe ya tafi da lambarsa da labarin mai shi. Ya kamata jami'o'i da gidajen tarihi su rubuta lambobin, su naɗi bayanin dattawan masu gyara, tun ana iya samunsu.