Daga Lemmy Caution Zuwa B13: Hukuncin 'Yan Kallo A Kan Ɗan Sandan Faransa

Mai karatu, in ka taɓa zama a bencin gidan kallo na ƙauye, ka san ba a gama fim a lokacin da aka kashe janareto. A nan ne ma ake farawa. Kowa zai miƙe yana kakkaɓe wando, a ɗunguma teburin mai shayi a kafa kotu: wa ya yi daidai, wa ya ci amana, wane duka ne na gaske, wanne ne dabarar kyamara. A irin wannan kotu ta garinmu Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, na fara koyon sharhin fim, tun kafin in taka ƙofar kwalejin kimiyya da fasaha. Kuma fim ɗin da ya fi daɗewa a gaban kotun, a iya tunawata, ba na Indiya ba ne, ba kuma na Kano ba. Fim ne na 'yan sandan Faransa wanda muke kira B13.

Ya zo mana ne cikin irin faifan DVD ɗin nan da ake cusa finafinai goma ko fiye a ciki, an ɗora masa muryar Ingilishi. Saboda haka duk mun ɗauka na Amurka ne, sai da wani ɗan Ƙonni mai gyaran rediyo ya nuna mana rubutun jikin bango da na motoci, ya ce wannan Faransanci ne. Sunansa na asali Banlieue 13, ya fito a 2004. Pierre Morel ne darakta, Luc Besson kuma furodusa, da shi aka rubuta labarin.

Ga wanda bai gani ba, ga labarin a taƙaice. Gwamnati ta gaji da wata unguwar talakawa a gefen birnin Paris, sai ta kewaye ta da katanga, ta rufe makarantu, ta bar mutane a hannun wani dillalin ƙwaya mai suna Taha. Wani saurayi, Leito, ya kama Taha ya kai shi caji ofis. Maimakon a tsare mai laifi, sai babban ɗan sandan ya jefa Leito bayan kanta, ya saki Taha, har ya bar shi ya tafi da ƙanwar yaron. Daga baya aka turo wani ɗan sanda mai gaskiya, Damien, wai ya kwance wani bam da ya faɗa hannun 'yan daban. Sai a ƙarshe ta bayyana cewa lambobin da manyansa suka ba shi ba na kwancewa ba ne, na tayarwa ne. So suke a share unguwar da mutanenta baki ɗaya.

To, a nan kotun mai shayi ta rabu gida uku. Mu yara ba ruwanmu da bam, tsalle muka gani. David Belle, wanda ya fito a Leito, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan tsallake gine-gine da ake kira parkour, kuma makonni bayan nan babu katangar ƙasa a unguwarmu da ba ta ji a jikinta ba. Gida na biyu samari ne masu cewa Damien ne jarumin fim, domin shi ya tsaya a kan doka har ya kai manyansa ƙasa. Gida na uku, wanda ya fi yawa kuma ya fi shekaru, direbobi ne da 'yan kasuwa masu bin hanyar Sakkwato zuwa Shagari da Jega. Su Leito suka sani. Ba na manta wani tsohon direba da ya ajiye kofinsa ya ce, "Wanga Damien na cikin hwim na, ba ka samun irinai bisa hanya. Amma wanda yas saki Taha, kowa ya san shi."

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin hirar dare kawai. Sai da na fara bin tarihin sinima na gane cewa gardamar ta girmi mai shayin, ta girmi janareton. Bari mu koma baya kaɗan.

Turawan mulki biyu suka raba ƙasar Hausa, kuma kowanne ya zo da irin fim ɗinsa. A ɓangarenmu na Ingilishi, majigi ne ya fara zagaya garuruwa da finafinan wayar da kai na gwamnati. A 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano, kuma 'yan kasuwa Kwarori ne suka riƙe harkar. Abin da suka kawo shi ya zama abincin idonmu: kaboyi na Amurka, daga baya Indiya, sannan Chanis. Fim ɗin Faransa bai samu gurbi ba. Amma da ka tsallaka Illela ka shiga Nijar, labari ya sha bamban. Can, kamar sauran ƙasashen rainon Faransa, kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su ke da ikon rarraba finafinai, kuma cikin kayan da suke turowa akwai finafinan 'yan sanda na Paris.

Tauraron irin waɗannan finafinai a shekarun 1950 shi ne Eddie Constantine, Ba'amurke ne da ya yi suna a Faransa. Tun daga 1953 yake fitowa a matsayin Lemmy Caution, jami'in binciken Amurka mai saurin hannu, mai son mata da giya. Yadda matasan Afirka suka karɓe shi kuwa, muna da shaida a faifai. A 1958 Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe shekaru yana aiki a Nijar, ya fitar da fim mai suna Moi, un noir, wato "Ni, Baƙar Fata". Ya bi wasu samarin Nijar 'yan ci-rani a unguwar Treichville ta Abidjan, waɗanda suke amsa sunayen taurarin sinima. Oumarou Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indochina ya dawo yana dako, shi ne Edward G. Robinson. Wani Tarzan ne. Petit Touré kuwa shi ne Eddie Constantine, yana kiran kansa Lemmy Caution.

Ka san yadda ta ƙare da wannan Lemmy Caution na Treichville? Ana cikin ɗaukar fim ɗin ya yi rigima da ɗan sanda, aka ɗaure shi wata uku. Ka duba wannan da kyau, mai karatu. Yaron ya ari sunan jami'in tsaro, ya ari tafiyarsa da ƙarfin halinsa, amma bai ari ɓangarensa ba. Da ya haɗu da ɗan sandan gaske a titi, ba abokin aiki ya gani ba. Wannan shi ne hukuncin farko da na sani wanda ɗan kallo na yankinmu ya yanke wa fim ɗin 'yan sandan Faransa, kuma bai bambanta da na tsohon direban Sifawa ba, ko da yake kimanin shekara hamsin ce tsakaninsu.

'Yan fim na Nijar sun lura da wannan aron suna tun da wuri. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo gida da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Shi kuwa Oumarou Ganda bai tsaya a aron sunan wani ba. Ya zama darakta, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Ɗan kallo ya zama mai ba da labari, ya kuma ba da nasa.

Mu a Nijeriya, sai daga baya fim ɗin Faransa ya shigo mana, shi ma ta ƙofar baya, cikin kaset da faifai, ba tare da mun san asalinsa ba. Cikin waɗanda suka yi tashe akwai Taxi na 1998, labarin direban tasi a birnin Marseille da wani ɗan sanda da ya kasa cin jarrabawar tuƙi, suna farautar 'yan fashin banki Jamusawa masu Marsandi. Me ya sa direbobinmu suka ƙaunace shi? Motar ce. Fijo 406 ce fara, 'yar gidan da ake harhaɗa motocinsa a Kaduna tun 1975. Mutumin da ya tsufa a cikin 504 ya ga ƙanwar motarsa tana wulaƙanta Marsandi, ai dole ya tafa. Sannan 'yan sandan fim ɗin, tun daga kwamishinansu, abin dariya ne. Direba ne mai basira, su kuwa sai ya taimake su.

A 2001 aka yi Kiss of the Dragon. Mu mun kira shi Chanis saboda Jet Li, alhali a Paris aka yi shi, da hannun Luc Besson a ciki, kuma bos ɗin fim ɗin babban sufeton 'yan sandan Faransa ne. A 2002 The Transporter ya biyo baya, muka ce na Amurka ne, alhali shi ma daga kamfanin Besson ya fito. Ka ga ke nan mun shekara da shekaru muna cin tuwon Faransa da sunan wasu.

In ka jera waɗannan finafinai za ka ga zare ɗaya. Fim ɗin Amurka yakan nuna ɗan sanda guda ɓatacce a cikin hukuma mai kyau. Waɗannan na Faransa sun fi nuna hukumar ce da ciwo, mai gaskiya a cikinta shi ne bare. Ina ganin abin da ya sa suka zauna a zukatan mutanenmu ke nan. Dattawanmu sun rayu da 'yan dokan En'e kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya bayan juyin mulkin 1966, kuma har yau in suna labarin karɓar haraji za ka ji yadda hula da kulki suke a ransu. 'Ya'yansu sun gaji wannan taka-tsantsan. Da suka ga fim ɗin da Bature da kansa yake cewa kaki ba shi ne gaskiya ba, sai suka ji an faɗi abin da suka daɗe da sani.

Kada kuma ka ɗauka B13 tatsuniya ce zalla. Shekara guda bayan fitarsa, a ranar 27 ga Oktoba 2005, wasu yara biyu suka mutu a tashar wutar lantarki a Clichy-sous-Bois suna gudun 'yan sanda. Unguwannin gefen biranen Faransa suka kama da wuta na makonni, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Mazauna waɗannan unguwanni da yawa 'ya'ya ne da jikokin mutanen Afirka ta Arewa da ta Yamma, wato dangin su Ganda. A 2019 ɗaya daga cikinsu, Ladj Ly ɗan asalin Mali, ya yi Les Misérables a unguwar da ya tashi, Montfermeil, ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes. A cikinsa ma akwai sabon ɗan sanda mai tausayi tsakanin abokan aiki masu zafin hannu. Tambayar kotun mai shayi ce dai: shin mutum ɗaya mai gaskiya zai iya da hukuma?

To, ina masana'antarmu a wannan magana? Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, ɗan sanda a fim ɗin Hausa yawanci iri biyu ne. Ko dai ɗan barkwanci mai tumbi da ake yi wa wayo, ko kuma wanda ke bayyana a minti biyar na ƙarshe da ankwa a hannu, bayan jarumi ya gama komai, ya ce doka za ta yi aikinta. Ko finafinan da suka taɓo laifi sosai, irin su Basaja da Gwaska na Adam A. Zango, farin jininsu na wurin mai damfara ne da mai rufe fuska. Da wuya ka ga an bi ɗan sanda har gida, an nuna albashinsa, da matarsa, da oga mai ba shi umarnin da zuciyarsa ba ta so, da daren da zai zaɓa tsakanin aikinsa da gaskiya.

Furodusoshi za su ce babu kuɗin fasa motoci, kuma taɓa hukuma sai da lura. Na yarda. Amma a Sifawa ba fashewar mota aka kwana ana gardama a kai ba. Wurin da aka saki Taha aka kulle Leito ne, kuma ɗaki ɗaya ne da kanta da mutum huɗu ko biyar. Kuɗinsa bai kai na rawa da waƙa guda a lambu ba. Abin da yake buƙata marubuci ne da ya san mutanensa. A wannan zamani da jama'ar gabashin Sakkwato da Zamfara ke kwana da tambayar wa zai kare su, kuma ana kashe jami'an tsaro a bakin aiki ba wanda ya san sunansu, fim ɗin da zai nuna ɓataccen da mai gaskiyar a caji ofis ɗaya zai yi wa kowa adalci, har da su 'yan sandan.

Gidan kallon namu yanzu ƙwallon Turai yake nunawa, finafinai sun koma cikin waya, da yawansu da fassarar Hausa. Tsohon direban nan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da na je gida da Sallah na tarar da wasu yara uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya a gindin darbejiya, suna kallon Leito yana tsallake bene. Na tsaya har aka zo wurin caji ofis. Da aka saki Taha, sai ƙaraminsu ya ɗago ya ce, "Ai na sani."