Hoto da Iyaka a Ƙasar Arawa

Duk wanda ya yi nazarin tarihin ƙasar Arawa, wadda ta shimfiɗu a kwarin Dallol Mauri tun daga Matankari da Dogon Dutsi, ta biyo ta Tibiri har Kangiwa a jihar Kebbi, zai tarar cewa na'urar ɗaukar hoto da iyakar Nasara zamani guda suka iso, kuma cikin kayan mutane guda.

A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka auna mil 100 daga birnin Sakkwato suka zana da'ira, Dogon Dutsi ya faɗa rabon Ingila. Amma da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai suka nemi gyara, aka yi musu a 1904 da 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka ratsa daji daga 1906 zuwa 1908, suna kafa alamomi 148 tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi. Tafintan Tilho, Landeroin, ya rubuta tarihin sarakuna daga bakin dattawa, aka haɗa da hotuna aka fara bugawa a Faris a 1910, inda ba Ba'aren da zai gani. Shi ma Marc-Henri Piault, mai littafin tarihin Mauri, wato Arawa, na 1970, wanda ya ɗauki fim a kan mahautan ƙasar, ya yi adalci gwargwado, illa dai ɓangaren Nijar ya fi kallo.

A ganina, shaidar da ta fi inganci tana hannun mai hoton kasuwa na da, wanda ba ruwansa da yarjejeniya, mai akwatin katako bisa ƙafa uku, wanda kan cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya wanke hoton a bokiti, ya miƙa wa mai shi da danshinsa, ya karɓi dala ko sule, duk wanda aka ba shi. Ka jera hoton amaryar Tibiri a Nijar da ta Bacaka a Najeriya, lallen ɗaya ne, ɗaurin kallabin ɗaya, zanen fuskar ɗaya. Malamai kuwa sun yi saɓani a kan hukuncin sura, har larura ta sa aka yi rangwame saboda fasfon aikin hajji da katin shaida; kuma abin mamaki, wannan ɗan hoton da aka halatta shi ne kaɗai ke raba 'yan'uwa, domin hatimin wani Faransanci ne, na wani Ingilishi.

Gara da damina suna cinye waɗannan hotuna a cikin adaka. Ya kamata cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai da Gidan Arewa na Kaduna su haɗa hannu su tattara su, tun dattawan da za su faɗi sunayen mutanen ciki suna raye.