ZARE: Coronation Street, kisa nawa 'yan kallo za su iya haɗiyewa?

1/
Jama'a ku matso, yau tarihin wani shiri mai dogon zango na kawo muku. Sunansa Coronation Street, na ƙasar Birtaniya. An fara haska shi ranar 9 ga Disamba 1960, wata biyu da 'yan kwanaki bayan Najeriya ta samu 'yancin kai, kuma har yau ba a daina ba. Tambayata: me kashe-kashe da sauya jarumai suke yi wa 'yan kallon shirin da ya daɗe haka? 🧵

2/
Wani matashi ne ɗan shekara 24, Tony Warren, ya ƙirƙire shi. Kamfanin Granada da ke Manchester ya ba shi damar fitowa 13 kacal a tashar ITV, a gani ko zai karɓu. Labarin layi ɗaya ne na talakawa ma'aikata: gidaje a jere, kanti a kusurwa, da wata mashaya mai suna Rovers Return inda 'yan layin suke haɗuwa.

3/
Garin ma na ƙirƙira ne, Weatherfield, amma Salford da ke maƙwabtaka da Manchester aka kwaikwaya. A farko babu bindiga babu wuƙa. Gulma ce, da bashi, da faɗan maƙwabta, da tsofaffin mata masu kaifin baki. Mutane suka ga kansu a talabijin, suka maƙale.

4/
Don ku gane irin daɗewar: a 2010 ya zama shiri mafi daɗewa a irinsa da ake ci gaba da haskawa a talabijin a duniya. A Fabrairun 2020 aka haska fitowa ta 10,000. William Roache, wanda yake fitowa a matsayin Ken Barlow, da shi aka fara tun ranar farko, har littafin Guinness ya shiga saboda haka.

5/
Ga abin da na fahimta daga tarihin nan, ku riƙe shi har ƙarshen zaren. Jarin irin wannan shiri sabo ne. Ka shekara 20 kana ganin fuskar mutum a falonku sau biyu ko uku a sati, ai ya zama ɗan gida. Duk ranar da marubuta suka kashe wani, daga cikin jarin nan suka zara. Ana iya cin riba, ana iya karyewa.

6/
Darasi na farko ya zo a 1964. Akwai tsofaffin mata uku da suke zama a wani lungu na mashayar suna caccakar kowa: Ena Sharples, Minnie Caldwell da Martha Longhurst. Wani sabon furodusa matashi, Tim Aspinall, ya yanke shawarar a kashe Martha da bugun zuciya a wurin zaman nasu, don shirin ya ja hankali.

7/
Ya ja hankalin kuwa, amma ran abokan aikin jarumar ya ɓaci sosai, haka ma na 'yan kallo. Murhu mai duwatsu uku aka cire wa ɗaya. Barkwancin matan nan bai sake komawa yadda yake ba, kuma waɗanda suka riƙe shirin daga baya sun ɗauki abin a matsayin babban kuskure. Ku lura, ko ɗigon jini ba a zubar ba a wannan mutuwar.

8/
Jini ya zuba a Janairun 1978. 'Yan fashi suka shiga masana'antar ɗinki ta layin ranar biyan albashi, suka harbe akawu Ernest Bishop, mutum mai sanyin hali, mijin Emily. Dalilin bayan fage: jarumin, Stephen Hancock, ya samu saɓani da kamfani kan kwantiragi. Wato rigimar ofis ce ta koma harsashi a allo. 'Yan kallo suka yi ta ƙorafi cewa an shigo musu da tashin hankali gida.

9/
Haka aka yi wa Len Fairclough a 1983. Jarumin, Peter Adamson, ya sayar wa jarida labaran abokan aikinsa, aka sallame shi. Sai marubuta suka kashe Len a hatsarin mota ba tare da an nuna ba, suka kuma ce daga wurin wata farka yake dawowa. Mutumin da aka sani sama da shekara 20, aka ɓata masa suna bayan ya mutu. Sau da yawa in kun ga mutuwar ba-zata a shiri, ku leƙa bayan fage.

10/
Yanzu ga abin mamaki. A wannan shekarar ta 1983, labarin da ya tsayar da ƙasar cak ba na kisa ba ne. Deirdre, matar Ken Barlow, ta faɗa soyayya da Mike Baldwin, ana jiran a ga wa za ta zaɓa. Daren da aka warware, Manchester United na wasa da Arsenal a Old Trafford, sai da aka rubuta wa 'yan kallon ƙwallo sakamakon a allon filin: ta zauna da mijinta. 'Yan Man U, kun ji tarihin gidanku 😂

11/
Ranar Kirsimetin 1987 kuma, Hilda Ogden ta yi sallama da layin. Mai shara da goge-goge ce a mashaya, ga surutu, ga talauci, Jean Alexander ta shekara 23 tana wannan rawa. Sama da mutum miliyan 26 suka kalli tafiyarta, in aka haɗa da maimaici. Ba a mari kowa ba, ba a harbi kowa ba. Tsohuwa ce kawai za ta bar unguwa.

12/
A 1998 wani ɗan damfara mai ƙaryar shi matuƙin jirgin sama ne ya jefa Deirdre cikin bala'i, kotun cikin shiri ta ɗaure ta. Jaridu suka tayar da gangamin a sake ta, aka buga riguna, har Firaminista Tony Blair ya tsoma baki cikin raha. Matar da babu ita a duniya fa. Bayan 'yan makonni marubuta suka fito da ita. Sabo kenan.

13/
To ta ina kashe-kashen suka yawaita? Dalili biyu nake gani. Na farko gasa. A 1985 BBC ta fito da EastEnders, shirin Landan mai zafi da duhu, ya fara jan matasa. A 1997 aka kawo furodusa Brian Park ya yi wa Coronation Street garambawul: ya sallami tsofaffin fuskoki irin su Derek Wilton, ya shigo da iyalin Battersby masu rigima, ya ba Adam Rickitt rawar Nick Tilsley don 'yan mata su kalla.

14/
Na biyu, yawan fitowa. Kusan shekara 29 ana yin fitowa biyu a sati. A 1989 aka mayar uku, 1996 huɗu, 2002 biyar, a Satumbar 2017 shida. Ku yi tunanin marubucin da aka ce ya cika fitowa shida duk sati da mutanen layi ɗaya. Gulmar kanti ba za ta isa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sako mugu, ka ba shi makami.

15/
Mugun da ya ci riba shi ne Richard Hillman, wanda Brian Capron ya fito a matsayinsa daga 2001 zuwa 2003. Mai ba da shawara kan harkar kuɗi, mai fara'a, ya auri Gail. Bashi ya yi masa katutu. A Janairun 2003 ya rafka wa tsohuwa Emily sandar ƙarfe don ya ci gidanta, Maxine ta shigo ta gan shi, ya kashe ta.

16/
Daren da ya amsa wa Gail laifinsa a Fabrairun 2003, sama da mutum miliyan 19 ne a gaban talabijin. A Maris ya ɗaure iyalin a mota ya auka da su cikin ruwa, suka tsira, shi ya nutse. Me ya sa wannan ya karɓu? Emily tun 1961 take layin. Gail tun 1974. Tsoron da mutane suka ji, tsoro ne a kan nasu.

17/
Matsalar ita ce daga nan aka gano maganin, aka yi ta sha babu ƙa'ida. Tracy Barlow ta kashe Charlie Stubbs a 2007. Sai Tony Gordon. Sai John Stape, malamin makaranta. A Disambar 2010, bikin cika shekara 50, aka kifar da jirgin ƙasa na cikin gari a kan layin, Ashley da Molly suka mutu. Ita kanta Gail miji huɗu ta binne: an soke ɗaya da wuƙa, biyu sun nutse, ɗaya zuciya ta buga.

18/
Sai Pat Phelan, magini, wanda Connor McIntyre ya yi. Ya kulle wani saurayi, Andy Carver, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na tsawon watanni. A ƙarshen Oktoban 2017 aka nuna ya tilasta wa Andy ya harbe wani mutum, sannan shi ma ya harbe Andy. Wata ɗaya kacal bayan an koma fitowa shida. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin dace ba.

19/
A Birtaniya akwai ƙa'idar cewa abubuwan da ba su dace da yara ba sai daga ƙarfe 9 na dare. Wannan kuwa kafin 9 aka haska shi, lokacin da iyali ke zaune tare. Ɗaruruwan mutane suka kai ƙara wurin Ofcom, hukumar da ke sa ido kan gidajen talabijin, kamar NBC a Najeriya. Har tsohon mai gabatar da shirye-shirye Michael Parkinson ya fito ya soki yadda shirin ya koma.

20/
Ku dubi bambancin. Hillman ya taɓa mutanen da aka tsufa tare da su. Andy bai fi shekara uku a layin ba, ɗayan da aka harbe kuwa abokin damfarar Phelan ne da ba wanda ya damu da shi. Ga jini, babu makoki. Kuma aka ja labarin har Yunin 2018 kafin Anna Windass ta kashe shi. Mutane da yawa ba tsoro suka ji ba, gajiya suka yi.

21/
Kada wani ya ce ina nufin a daina nuna mugunta. Ga misalin da aka yi daidai. Daga 2019 zuwa 2020 aka nuna yadda Geoff Metcalfe yake azabtar da matarsa Yasmeen, dattijuwa daga iyalin Nazir 'yan asalin Pakistan. Ya raba ta da 'yan uwa, ya riƙe kuɗinta, ya kulle ta a akwati, ya yanka kazar da take ƙauna ya dafa mata ba ta sani ba.

22/
A hankali aka gina shi, da shawarar ƙungiyar Women's Aid, kuma ya kai ƙololuwa lokacin kullen korona, sanda mata da yawa suke kulle a gida da masu cutar da su. Irin wannan juya mutum da tsoratarwa ya zama laifi a dokar Ingila da Wales tun 2015, amma da yawa ba su san yadda yake a zahiri ba sai da suka ga Yasmeen. Wuyar kallo gare shi, amma kowa ya san amfaninsa.

23/
Haka a 2021, da wasu samari suka lakaɗa wa Seb da Nina duka saboda irin shigar Nina, Seb ya mutu. An ɗauko shi ne daga kisan gillar da aka yi wa Sophie Lancaster a 2007, kuma an yi aikin tare da mahaifiyarta. Aka nuna asibiti, aka nuna uwa tana kuka, aka nuna kotu. Abin da ya biyo bayan dukan ya fi dukan tsawo a allo.

24/
Sauya fuska ma da ƙa'idarsa. Yaro in ya girma aka sauya shi, ana yafewa: mata huɗu suka yi Tracy Barlow, maza uku suka yi Nick Tilsley. Amma da Anne Kirkbride ta rasu a Janairun 2015, bayan shekara 42 tana Deirdre, ba a ɗora wata ba. Sai aka kashe Deirdre a labarin aka yi mata jana'iza. Masu shirin sun san akwai rigar da ba ta shiga wuyan kowa sai mai ita.

25/
Akwai kuma tambayar wa ake ɗauka tun farko. Manchester cike take da baƙaƙen fata da 'yan Asiya, amma sai 1999 aka kawo iyalin 'yan Asiya na farko layin, iyalin baƙaƙen fata na farko kuwa, wato Bailey, sai 2019. Shirin da ya yi suna da nuna wa mutane kansu ya shekara kusan 59 kafin wasu su ga gida irin nasu a ciki.

26/
Gaskiya ɗaya: raguwar 'yan kallo ba laifin kashe-kashe kaɗai ba ne. Lokacin Hilda tashoshi huɗu ne a ƙasar baki ɗaya. Yanzu ga Netflix, ga YouTube, ga TikTok, masu kallon fitowa ɗaya sun yi ƙasa da miliyan 10 nesa. Amma fa wanda ya rage yana kallo, sabo ne ya riƙe shi. Mai neman harbe-harbe yana da inda ya fi nan.

27/
Mu ma nan gida mun shiga zamanin shiri mai dogon zango, daga Daɗin Kowa da Kwana Casa'in zuwa Labarina. Kun tuna cece-kucen da aka yi da aka sauya jarumar da ke fitowa a matsayin Sumayya? Ciwon ɗaya ne da na mutanen Manchester. Namu ba su kai shekara 60 ba, shi ya sa ya kamata marubutanmu su karanci tarihin waɗanda suka riga su.

28/
Kafin a sako garkuwa da mutane ko a kashe wani don a yi tashe na sati ɗaya, a tambaya: an ba mu lokacin da za mu so mutumin nan? Kuma za a zauna a nuna mana abin da mutuwarsa ta yi wa gidansu?

Ku faɗa min, wace mutuwa ko sauyin jarumi ne ya sa kuka ajiye wani shiri ba ku sake komawa ba? 👇