Laifi da Aibi: Uwa Ɗaya, Gida Biyu

Kalmar "laifi" daga Larabci muka aro ta, daga "al-aib", wato tabo ko nakasu a jikin abu. Bahaushe ya haɗiye farkon kalmar ya bar "l" manne da ita, kamar yadda "al-imam" ta koma "liman", "al-hisab" ta koma "lissafi". Tushen ya sake shigowa ta wata ƙofa ya ba mu "aibi". Aibi ya zauna a jikin kaya da hali, laifi kuwa ya koma kan abin da mutum ya aikata.

A kasuwar Wurno in mai sayen albasa ya ce "ba laifi", yabo ne mai sauƙi. A gaban alƙali kalmar tana da nauyi, kuma nan ne nake so ɗalibin shari'a ya natsu. Ba kowane abin kunya ne laifi ba. Sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum sai rubutacciyar doka ta fayyace laifin da horonsa. Dokar Final Kod ta 1959, wadda aka kafa a zamanin gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, ita kuma tana duba aiki tare da niyya.

Misali, shanu sun kufce wa makiyayi a fadamar Goronyo sun ci shinkafa: ɓarna ce, ya biya. In da gangan ya kora su cikin gonar, ya shiga laifin da kotu ke hukuntawa. Fiƙihun Malikiyya ma haka ya raba kisa: ganganci yana jawo ƙisasi, kuskure kuma diyya.