Yadda Kwamfuta Ta Koyi Tantance Rubutun Larabci

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya aiko da takarda yana tambaya: wai da gaske ne kwamfuta tana ware rubutun Larabci, na addini daban, na magani daban, na ciniki daban? Kuma yaushe aka fara?

To malam, gaskiya ne, amma tushen abin ya girmi lantarki. A birnin Bagadaza, masani Alkindi, wanda ya rasu wajen shekarar 873, ya zauna ya ƙirga haruffan wani rubutu, ya ga alif da lam sun fi yawa. Da wannan ƙirga ya nuna yadda ake kwance rubutun asiri. A shekarar 987 kuma, Ibn Nadim, ɗan kasuwa kamarka, mai sayar da littattafai, ya tsara Fihrist, ya kasa littattafan zamaninsa kashi 10.

Ƙirgar Alkindi da kashin Ibn Nadim, su ne aikin kwamfuta a yau. A 1961 wani Ba'amurke, Maron, ya gwada sa na'ura ta kasa takardun Turanci ta hanyar ƙirga kalmominsu. Ka san yadda kake koya wa yaronka bambanta gero da maiwa: ka nuna masa yau, ka nuna masa gobe, har idonsa ya saba. Haka ake ba ta dubban takardun da mutane suka riga suka ware. In ta ga "farashi" da "riba" sun yawaita, sai ta ce wannan na kasuwa ne.

Larabci dai ya ba ta wuya. Galibi ba a sa masa wasali, kuma saiwa ɗaya takan haifi kalmomi da yawa: kitab, katib da maktab duk daga kaf, ta da ba suke. A 1999, Shereen Khoja ta Jami'ar Lankasta a Ingila ta fito da manhajar da ke mai da kalma ga saiwarta. A 2020 kuma, masana a Jami'ar Amurka ta Beirut suka fito da AraBERT, mai duba kalma tare da maƙwabtanta.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata, kuma ajaminmu kaɗan ta gani. In ka ba ta wasiƙar kakanka, tana iya ɗauka Larabci ne mai kurakurai. Saboda haka, jama'a, takardun gado, na gona da na bashi da ke cikin gafaka, a kare su daga gara da ɗigon damina, a ɗauki hotonsu da waya. Abin da gara ta ci, ba na'urar da za ta karanta shi.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A ci gaba da aiko mana da takardu.